Jinin da Ke Gudun Sanyi

Tun da aka sauko daga masallacin Juma'a Khairiyya take leƙen sama. Hadari ne ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe rabin garin Babura, iska ta fara kaɗa shanyar da ke tsakar gida.

Kowa a garin murna yake yi, don kwana tara ke nan rabon su da ruwa, gero har ya fara murɗe ganye. Ita kaɗai take roƙon Allah Ya riƙe ruwan nan ko da na awa biyu ne.

Yau Muhsin zai zo. Shi da Kawu Daudu, ƙanen mahaifiyarsa, sun taso daga Kazaure a kan babur don su ga Baba Zarami, yayan marigayi mahaifinta, wanda auren ta ke hannunsa. Wata bakwai ana neman wannan ganawar yana zillewa, sai a wannan makon ya ce su zo ƙarfe biyu da rabi.

"Ki daina leƙen saman nan, ba ke za ki hana shi zuba ba," in ji mahaifiyarta Hajiya Ma'u, ba tare da ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Umma, a kan babur fa suke."

"To sai me? Duk mazan garin nan a kan babur suke yawo. Wa kika taɓa ji ruwa ya narkar?"

"Kin san jikinsa ba irin na kowa ba ne."

Hajiya Ma'u ta dire farantin da ƙarfi har shinkafa ta yi tsalle.

"Alhamdu lillahi, da bakinki kika faɗa! Shekara biyu ina nanata miki wannan maganar kina toshe kunne. Mace tana aure ne ta samu inuwa, ke kuma kin nace sai wanda za ki ƙare rayuwarki kina riƙe wa lema."

"Umma, an yi gwajin jini. Ni AA ce. Likita ya ce ko 'ya'ya goma muka haifa babu wanda zai zo da sikila."

"Wa ya yi miki maganar 'ya'ya? Maganarki nake yi, ke! Rabin shekara a ɗaki, rabi a gadon asibiti. Ga ɗan'uwanki Zubair, ɗan Babanki Zarami, lafiyayye kamar ingarma, tun kina sakandare yake jiran ki. Amma zuciyarki ba ta tashi kamuwa ba sai da mai amosanin jini."

Khairiyya ta sunkuyar da kai. Shekarunta ashirin da biyar, ta gama difloma, tana koyarwa a firamare.

A Kazaure suka haɗu, lokacin tana karatu, shi kuma yana koyar da lissafi a wata sakandare. Ranar da ya fara zuwa wurinta a gidan gwaggonta, zoɓo ta kawo masa mai ƙanƙara a kwalba. Ya yi godiya, bai sha ba. Ta ɓata rai, a zatonta raini ne.

Sai ya yi murmushi, ya ɗauki kwalbar ya riƙe ta na minti ɗaya, ya ajiye, ya buɗe mata tafin hannunsa. Yatsun sun yi fari fat kamar an shafa toka. Suka ci gaba da hira, aka ɗauki lokaci mai tsawo, ta sake dubawa, har a lokacin jinin bai gama komawa ba.

"Kowa in ya taɓa sanyi jijiyoyin jininsa sukan tsuke," ya ce mata. "Naki su tsuke, su saki. Nawa sun fi saurin tsukewa, in sun riƙe kuma ba sa son saki. Ga shi wasu ƙwayoyin jinina ba zagayayyu ba ne irin naki, kamar lauje suke. Hanya ta ƙuntata, lauje ya maƙale, jini ya tsaya. Duk inda ya tsaya, nan ciwon yake sauka, kamar ana kwankwatsar ƙashi da guduma."

"Sanyi kaɗai?"

"Har zafin rana in ya yi yawa, da ƙishirwa. Ke har fargaba. In na tsorata, jikina yakan rufe ƙofofinsa tun abin bai iso ba. Na gaya miki tun yau, don kada gobe ki ce na ɓoye."

Wannan gaskiyar tasa ce ta kama ta, ba ta kuma sake ta ba.

Wayarta ta yi ƙara daidai lokacin da ɗigon farko ya faɗo a kan kwano.

"Mun iso," in ji Muhsin. "Amma falon baƙin a kulle yake. Zubair ya ce Baba ya ce mu jira shi a nan, kada mu gusa."

"Ina Yaya Zubair ɗin?"

"Ga shi nan cikin motarsa."

Kafin ta ba shi amsa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Ta fizgi hijabinta da bargon da ke kan gado. Hajiya Ma'u ta sha gabanta a bakin ƙofa.

"Ina za ki? Maza na ƙofar gida ki fita kamar mara mafaɗi?"

"Umma, an kulle musu falo! Ruwa ne yake dukan sa!"

Wani abu ya gilma a fuskar uwar, ya wuce da sauri. "Ba ni na kulle ba. Sha'anin maza ne."

Khairiyya ta raɓa ta gefenta ta fice. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta tsallake maganar mahaifiyarta.

A waje babu rumfa, babu baranda, shagunan layin duk a rufe. Muhsin na tsaye jikin bango, farar shaddarsa ta manne masa, ruwa na gangarowa daga hularsa. Kawu Daudu, dogon dattijo mai furfura, ya cire babbar rigarsa ya yafa masa a ka, ita ma ta jiƙe sharkaf.

"Na ce masa mu je masallacin can mu fake, ya ƙi," in ji dattijon cikin Hausarsa mai gardin Fillanci. "Ki yi masa magana, 'yata."

"Muhsin, don girman Allah ka tafi!"

Ya girgiza kai, leɓɓansa na rawa. "In na gusa, za a ce ko ruwan sama ban iya tsaya wa ba. Abin da ake jira ke nan, Khairi."

Ta miƙa wa Kawu Daudu bargon, ta nufi motar ta buga gilashin da tafin hannu. Zubair ya sauke shi kaɗan. Yana kishingiɗe, yana cin gyaɗa.

"Yaya Zubair, ba ni makullin falo."

"Baba bai ce a buɗe ba."

"To ka bar su su shiga motar."

"Motata ba asibiti ba ce." Ya jefa gyaɗa a baki. "Me ya yi zafi ne? Ruwa ne fa, rahamar Allah. Ni da kike gani nakan kwana uku a hanyar kan iyaka da shanu, ruwa na duka na. Namiji ba gishiri ba ne."

"Ka san abin da sanyi yake yi masa. Wallahi ka sani!"

"Na sani mana. Ke ce ba ki sani ba, shi ya sa ake so ki gani da idonki."

Ta tsaya tana kallon sa, ruwa da hawaye sun haɗu a fuskarta. Tare suka tashi a gida ɗaya, shi ya koya mata hawa keke.

"Ko maza sun ƙare a duniya, Yaya Zubair, ba zan zauna da wanda zai iya cin gyaɗa yana kallon mutum yana mutuwa ba."

Fuskarsa ta murtuke. Ya ɗage gilashin.

Sai da aka yi kusan minti arba'in sannan Baba Zarami ya ɓullo daga lungu, riƙe da lema, yana tafiya a hankali kamar ba shi ake jira ba. Ya dubi Khairiyya sama da ƙasa.

"Shiga gida."

Ta shiga, amma ba ta wuce bayan ƙofar da ta haɗa falon da tsakar gida ba. Ta nan take jin komai, tana hango su ta tsagar labule.

Aka gaisa sama-sama. Muhsin ya durƙusa a kan tabarma, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Zubair ya shigo, ya ce ɗakin ya yi zafi, ya kunna fankar sola, ya juya ta saitin baƙin.

"Ranka ya daɗe, da za a kashe fankar nan," in ji Kawu Daudu.

"Ba ku da fanka a garin naku Roni ne?" Baba Zarami ya tambaya. "Ko ita ma an hana shi? To yaro, faɗa mini. Ruwa ba ka so, iska ba ka so, rana ba ka so. Me kake so a duniyar Allah?"

"Khairiyya nake so, Baba."

"Da me za ka riƙe ta?"

"Ina da aikina. Ina da ɗakina. Shekara huɗu ina koyarwa, ban taɓa rasa jarrabawar ɗalibaina ba."

"Sau nawa ka kwanta asibiti bara?"

"Sau biyu."

"Shekarunka nawa?"

"Ashirin da tara."

"Masu irin ciwonka nawa ka sani da suka ga furfura?"

Kawu Daudu ya yi salati. "Alhaji, rai a hannun Allah yake. Mahaifin yarinyar nan ba shi da sikila, ina yake yau?"

"Kai kuma kada ka sako ƙanena a bakinka, a cikin gidansa!"

Khairiyya ba ta ƙara jin me suke cewa ba. Hannun Muhsin take kallo. Ya dafa gwiwarsa, yatsun sun yi fari, ya damƙe rigarsa yana saki, yana damƙewa. Gumi ya keto masa a goshi duk da sanyin. Ta san alamar. Ciwon ya fara daga baya, yana gangarowa cinyoyi.

"Baba," ya ce, muryarsa na tsinkewa, "ban zo na ce ina da lafiya ba. Na zo na ce... ba zan taɓa wulaƙanta ta ba. Ciwona nawa ne, na san yadda..."

Maganar ta maƙale. Ya cije leɓe har jini ya fito. Ya yi yunƙurin miƙewa, ƙafafun suka ƙi, ya kife a kan tabarma, wani nishi ya ƙwace masa wanda ya fi kuka ciwo.

Khairiyya ta banko ƙofar ta fizge wayar fankar daga bango.

"Kin gani ko?" in ji Baba Zarami. "Kin ga mijin naki?"

"Na gani, Baba! Na ga abin da kuka yi!"

"Matsa daga nan."

Ba muryar Baba Zarami ba ce. Hajiya Ma'u ce a tsaye, kaskon garwashi a hannu ɗaya, butar ruwan ɗumi da tawul a ɗaya, busasshen bargo a kafaɗa.

"Malam Daudu, cire masa jiƙaƙƙun kayan nan ka naɗe shi da wannan bargon. Ke, juya baya ki zuba ruwan a kofi, ba mai zafi sosai ba. Zubair, tashi ka juya motarka."

"Umma, ni fa..."

"Na ce ka tashi!"

Ta tsoma tawul a ruwan ɗumi ta matse, ta nuna wa Kawu Daudu inda zai ɗora, ƙugu da gwiwoyi. Ta hana shi murzawa da ƙarfi. Ta sa aka riƙa ɗura wa Muhsin ruwa kaɗan-kaɗan. Babu inda hannunta ya yi kuskure, babu inda ta tsaya tunani.

Da motar ta tafi da su asibiti, Khairiyya ta kama gefen zanin uwarta.

"Umma, a ina kika iya wannan?"

Hajiya Ma'u ta sunkuya ta ɗauki kaskon garwashin.

"A jikin ƙanena Sama'ilu. An gaya miki zazzaɓi ne ya kashe shi. Ba zazzaɓi ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina ɗumama masa ƙafa, ina jin ihunsa, ba abin da zan iya. Ranar da ya cika, a cinyata kansa yake, yana ɗan shekara goma sha tara. Wanka kawai ya yi a kududdufi da abokansa."

"Umma, yanzu akwai magani, akwai..."

"Rufe mini baki. Na taimake shi don musulmi ne, ɗan wata ne. Amma abin da hannun nan ya koya, ba zan bari naki ya koya ba. Ban yarda ba jiya, ban yarda ba yau."

Ranar Lahadi da hantsi Khairiyya ta faki ido ta hau a-daidaita-sahu zuwa asibiti. Kwana biyu tana kiran wayarsa ba a ɗauka.

A barandar ɗakin maza ta tarar da Kawu Daudu zaune a ƙasa, carbi a hannu. Gefensa wata siririyar mace ce fara, mai shuɗin mayafi, idanunta sun kumbura. Ba sai an gaya mata ba. Hancin Muhsin ne, goshin Muhsin ne. Mahaifiyarsa ce, wadda kowa ke kira Adda, ta zo daga Roni.

Khairiyya ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Adda. Ya mai jiki?"

"Wace ce wannan, Daudu?"

"Ita ce yarinyar, Adda."

Matar ta miƙe a hankali.

"Ke ce? Ke ce wadda aka tsayar mini da ɗa a ruwa saboda ke?"

"Adda, ki yi haƙuri, wallahi ban san..."

"Haƙuri? Kin san yadda na raini yaron nan? Uku na haifa masu ciwon, biyu na binne. A cikinsu shi kaɗai Allah Ya bar mini. 'Yan'uwansa na bin shanu, shi ina ɓoye shi a ɗaki. Damina ta zo in dafa ruwan wankansa, bazara ta zo in bi shi da ƙwaryar ruwa. Ban taɓa bari raɓa ta taɓa ƙafarsa ba. Shekara ashirin da tara ina tsaron sa, ku kuka rushe shi a yini ɗaya!"

"Ba ni ba ce, Adda. Ni ma da za a raba ciwon da na ɗauki rabi."

"Ki ɗauki ƙafarki dai. Ba mu roƙi 'yar kowa ba. Mu ma muna da mutunci a garinmu."

Ƙofar ɗakin ta buɗe, wata nas mai matsakaicin shekaru ta fito da takarda a hannu. Ta tsagar ƙofar Khairiyya ta hango shi. An sa masa robar iska a hanci, ƙirjinsa na ɗagawa da sauri-sauri, idanunsa a rufe.

"'Yan'uwan Muhsin," in ji nas ɗin. "Ciwon ya hau ƙirji, jininsa kuma ya yi ƙasa sosai. Likita ya ce a ƙara masa jini yau, ba gobe ba. Irin nasa ya ƙare a ma'ajiyarmu. An gwada na kawunsa, yana ɗauke da rabin ciwon, ga shekaru. Naki ma haka, Mama. Muna neman mai O, kuma AA."

"Na kira ɗan'uwansa a Gwiwa," in ji Kawu Daudu. "Ya ce ruwa ya cinye hanyar ƙauyensu, sai dai gobe."

"Ni O ce," in ji Khairiyya. "Kuma AA. A gwada ni."

Nas ɗin ta dube ta. "Taho."

"Babu inda za ta!" Adda ta tare hanya da hannu biyu. "Jinin gidan da ya nemi kashe shi ba zai shiga jikin ɗana ba."

"Adda, ki ji tsoron Allah," in ji Kawu Daudu.

"Kai yi mini shiru! Kana tsaye aka yi masa haka!"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Mama," nas ɗin ta ce cikin sanyin murya, "ba ya cikin hayyacinsa, ke za ki sa hannu. Amma ina gaya miki gaskiya, jiran gobe ganganci ne."

Khairiyya ta rarrafa ta kama ƙafafun Adda, kuka ya ci ƙarfinta.

"Ki zage ni, ki dake ni, duk na cancanta. Amma ki bari a ɗiba. Jini ba ya da gida, Adda. Ba na Baba Zarami ba ne, ba na Zubair ba ne, nawa ne. Don darajar Wanda Ya ba ki shi, kada ki bari fushinki da mu ya raba ki da shi."

Adda ta juya ta kalli ƙofar. Daga ciki ana jin numfashin ɗanta yana fita da ƙyar. Ta juyo, ta sunkuyo kan Khairiyya.

"Kina son sa?"

"Allah ne shaidata."

"To ki nuna mini. Zan sa hannu. Amma sai kin yi mini alkawari a gaban Allah, a gaban Daudu, daga yau kin fita hanyarsa. Ba kira, ba saƙo, ba aike. Muddin yana ganin ki zai koma ƙofar gidanku, ni kuma na san gawarsa za a kawo mini."

"Adda..."

"Ba ni da wata magana."

Wayar Khairiyya ta fara ruri a cikin jaka. Umma ce. Ta katse, ta sake kira, ta sake katsewa. Nas ɗin ta dubi agogon hannunta.

Shekara biyu ta yi tana faɗa da gidansu a kansa. An zage ta, an daina cin abinci da ita, an ce asiri aka yi mata, ba ta taɓa ja da baya ba. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa da bakinta za ta sake shi ba.

Ta share fuskarta da gefen hijabi.

"Na yi alkawari. Allah Ya shaida, ba zan sake neman sa ba."

Adda ta karɓi biro daga hannun nas ɗin, ta sa hannu inda aka nuna mata, ta juya mata baya.

Gwajin bai ɗauki lokaci ba, jinin ya dace. Aka kwantar da Khairiyya a wani siririn gado a ɗakin ɗibar jini, aka ɗaure mata damtse, allura ta shiga. Aka ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa.

Ta juya kai tana kallon jan jinin yana bin siririyar roba yana taruwa a leda. Robar ta kwanta a kan fatar hannunta, ta ji ɗuminta. Nan da 'yan awanni wannan jinin zai riƙa zagaya ƙirjinsa, ya ratsa inda nasa ya kasa wucewa, ita kuwa ko sallama ba ta da ikon yi masa. Hawaye suka gangara ta gefen ido suka shige kunnenta.

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Kawu Daudu ne, ya tsaya daga waje bai shigo ba, riƙe da kwalbar lemo da ya sayo mata.

"Sannu, 'yata. Allah Ya biya ki."

"Kawu, in ya tashi kada ku gaya masa jinin wa aka sa masa. Ku ce na tafi kawai. Ku ce na gaji."

"Ni ban iya ƙarya ba, ga furfura."

"To me zan yi? Na riga na rantse."

Dattijon ya ajiye kwalbar a kan kujera. Ya waiga ya dubi baranda, inda yayarsa take zaune ta haɗa kai da gwiwa, sannan ya rage murya.

"Na ji rantsuwarki, kuma ba zan ce ki karya ba. Amma ni na goya yaron nan, na san taurin kansa. Ke kika yi alkawari. Shi bai yi wa kowa ba."